Yadda ake ratsa duwatsun Kano da Jigawa a kan keke da kuma a ƙafa

Wanda iyakar tafiyarsa Kano zuwa Gumel ko Kano zuwa Haɗeja zai rantse ƙasar nan shimfiɗe take daga farko har ƙarshe. Amma da ka nufi Dutse, Birnin Kudu, Kazaure, Rano ko Doguwa, za ka tarar da duwatsu jere, da turbobi da suka ratsa ta tsakaninsu, waɗanda masu itace da makiyaya suke bi tun kaka da kakanni. Mafi yawan duwatsun nan mai lafiya zai hau su cikin ƙasa da awa guda, don haka tsayi ba kasafai yake kayar da mutum ba. Abubuwan da suke ɓata tafiyar huɗu ne: rana, ƙaya, yashi da gangara. A kansu za a gina duk shirin. Keke zai kai ka gindin dutse ya ratsa da kai ta mashigi, ƙafa kuma ita za ta hau da kai sama.

Fara da zaɓen wuri daidai ƙarfinka

Ga sabon shiga, Dutse ta fi dacewa. Duwatsun sun kewaye tsohon garin Garu, inda fadar Sarki take, ga itatuwan dabino a ƙasansu, kuma ko me ya faru kana kusa da mai faci da asibiti. Rano da Rurum su ma haka: manyan duwatsu masu sulɓi da gonaki a tsakaninsu, kuma daga Rurum madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ta da nisa. Wanda yake son tarihi ya leƙa Santolo a ƙasar Dawakin Kudu, wurin da Sarkin Kano Yaji ya ci da yaƙi a ƙarni na 14.

Birnin Kudu daban take. A can ne ake da Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen dauri suka zana shanu a jikin dutse. A 1956 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya rubuta labarin duwatsun wurin da suke amsawa da ƙara kamar ƙarfe in an buga su. Wuraren suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, saboda haka a nemi mai kula da su kafin a shiga. Kada a taɓa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada kuma a rubuta suna a kusa da shi. Zanen da ya kankare ba mai iya mayar da shi, kuma abin takaici ne a ce mu da muka gada mu ne za mu goge shi.

Tuddan Kazaure da Roni suna da wata irin tsakuwa mai kaifi da take zamewa a ƙarƙashin taya da takalmi, ba kamar falalen dutsen Dutse ko Rano ba. Sai ka ƙware a birki tukuna. Riruwai kuwa, a ƙaramar hukumar Doguwa, nan ne tsaunuka na sosai, wasunsu sun haura mita 1,000 daga matakin teku. Akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza da ciyawa take rufewa, kuma hanyar zuwa daga Kano ta ratsa dajin Falgore. Ba wurin koyo ba ne, kuma ba a zuwa sai an tambayi halin tsaro a makon da za a tafi, daga bakin mutanen wurin da jami'an tsaro.

Wata da sa'a

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi kowane lokaci. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, daji bai gama ƙonewa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta yi kauri ba, don haka daga kan dutse za ka hango nesa. A Janairu da Fabrairu sanyin safiya yana da daɗin tuƙi, sai dai ranar da hazo ya sauka ba abin da za ka gani, kuma mai asma ya haƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai digiri 40 har ya wuce, dutse yana ɗaukar zafin da tafin hannu ba zai jure ba. In dole sai an je a bazara, a sauko kafin ƙarfe goma. Damina ta fi kyan gani amma ta fi haɗari, za mu zo kanta.

A tashi da an idar da sallar asuba gari ya fara haske. A watannin sanyi rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da shida da rabi, kuma duhu ba ya jira, cikin minti ashirin da 'yan kai ya rufe. Don haka a sa a rai cewa la'asar a cikin gari za a yi ta.

Gaisuwa kafin hawa

Ba dutsen da ba shi da masu shi. Da ka isa ƙauyen da yake gindinsa, ka sauka daga keke, ka tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi ka gaishe shi yadda ya kamata. Bayani kaɗan ya isa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Kano. Mun zo ganin dutsen nan ne in an yi mana izini, muna kuma roƙon a haɗa mu da wanda ya san hanya." Ka faɗi ku nawa ne da lokacin da kuke sa ran dawowa.

Wannan ya wuce ladabi kawai. A zamanin nan baƙin fuska da jakunkuna a bayan gari abin zargi ne, 'yan sintiri ba za su ƙyale ba, kuma suna da gaskiya. Sannan baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ɗan gari ne ya san kogon da zuma ta yi saƙa, da ɓangaren da masu fasa dutse suke sa nakiya, da inda maƙabarta take, da rugar da karnukanta ba sa wasa. Mafarauci ko mai kiwo ya fi kowa sanin turba. A yi maganar abin da za a ba shi tun kafin a tashi, don kada rai ya ɓaci a dawowa. In amfanin gona bai tashi ba, a bi burtali, kada a yanke ta cikin gonar mutane ko da an ga hanya ta fi kusa.

Kada mutum ɗaya ya tafi. Uku ya fi: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako.

Shirya keken

Keke mai giya da faffaɗar taya, irin na gwanjo mai inci 26, shi ne na wannan aiki. Amma baƙin keken nan na gargajiya, Raleigh ko Phoenix ko Hero mai taya inci 28, shi ma yana zuwa in an san iyakarsa. Nauyinsa ya kusa kilo 20 kuma giyarsa ɗaya ce. Yawanci faifan gaba yana da haƙora 44 ko 46, na baya 18. Da 44 da 18, duk juyin feda ɗaya keken yana cin kusan mita biyar da rabi, abin da yake da daɗi a kwalta amma yake kashe gwiwa a hawa. Ka sa mai gyara ya canza na bayan zuwa mai haƙora 20 ko 22, ya ƙara wa kaca gaɓa in ta gaza. Da 22 juyi ɗaya ya koma kusan mita huɗu da rabi. Kwatanta da keke mai giya: ƙaramin faifan gaba mai haƙora 22 da babban na baya mai 28 suna ba da abin da bai kai mita biyu ba, shi ya sa yake hawa inda baƙin keke sai turi.

A kai keken wurin mai gyara kwana biyu kafin tafiya, a kuma hau shi washegari a gwada, don gyaran da aka yi da yamma aka tafi da asuba shi ne yake bayyana aibinsa a daji. Birki ne farkon dubawa. Robar birki in ta cinye har ramukan jikinta sun shafe, a canza duka huɗun. In ka matse hannun birki ya taɓo kan keke, wayar ta saki ko ta fara tsinkewa daga ciki. Robar ta kama ƙarfen wili sosai, kada ta goga taya, don za ta yanka ta. Ka ɗaga keken ka juya kowane wili: in yana lilo yana taɓa roba a gefe ɗaya, a ɗaure wayoyinsa a daidaita shi. Ka kama wilin ka girgiza gefe da gefe. In yana motsi, boris ya saki ko ya cinye, a buɗe a sa giris.

Ka tabbatar wane hannu ne yake kama birkin gaba. A baƙin keke da kekunan da aka yi wa tsarin Ingila, hannun dama ne. Da yawa daga kekunan gwanjo da suka fito daga Amurka da sauran ƙasashen Turai kuwa hannun hagu ne. Mutum ya ari keke bai duba wannan ba, ya cafke birki a gangara, sai dai a ɗauke shi ta gaban keke.

Kacar keke mai giya ɗaya ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsakiyarta. In ta fi haka za ta zame a gargada, in ta yi tsauri za ta ci boris. A ɗiga mata mai kaɗan, a juya feda, sannan a goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Kacar da aka yi wa wanka da baƙin mai tana kwasar yashi, yashin kuma ya riƙa cin haƙora. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda in ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sak. Mafi yawan masu keke a karkara sirdinsu ya yi ƙasa, shi ke kawo ciwon gwiwa a hawa.

Sai maganar ƙaya. Tsidau yana bazuwa a bakin hanya da fegin da dabbobi suke kwana, ƙwayarsa kuma duk yadda ta faɗi akwai tsinin da yake kallon sama. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya sukan zube a ƙarƙashin bishiya da inda aka ja reshe don shinge. Tayar da ta sulɓe ba ta da abin kare kanta, a sa sabuwa. Dabarar da take aiki ita ce a samu tsohon tiyub, a yanke bawul ɗinsa, a tsaga shi a tsaye, a shimfiɗa shi a cikin taya kafin a sa sabon tiyub, ya zama riɓi biyu. Iska kuma kada a cika ta tam. Faffaɗar taya inci 26 tana son awo 30 zuwa 40 a ma'aunin mai faci. In ba ma'auni, ka danna da babban yatsa da ƙarfi, ta ɗan lotsa kaɗan. In ta yi tauri sosai za ta riƙa tsalle a kan tsakuwa ta nutse a yashi. In ta yi laushi sosai, da ka daki bakin dutse ƙarfen wili zai cije tiyub ya huda shi wuri biyu gefe da gefe.

Abin da za a ɗauka

Famfo da ka gwada ya dace da bawul ɗinka, tiyub sabo guda ɗaya ko biyu ga kowane keke, faci, sholisho da ba ta bushe a kwalba ba, ɗan sanfefa, ƙarfen cire taya guda biyu, sifana mai lamba 15 don notin wili da mai lamba 10 don birki, filaya, sukudireba, mahaɗin kaca, ɗan guntun waya da igiyar roba. Duka ba su fi kilo ɗaya da rabi ba, kuma mutum uku za su iya raba su. Sai tocila, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, da wayar da aka cika da caji. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun a gida, don tsakanin duwatsu sabis yakan ɗauke.

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi kuma ba a rage shi. Lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowace awa, gwargwadon zafi. Ledar fiya wata rabin lita ce. A haɗa da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri mara nauyi ya wadatar, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, kilishi. Fura da nono a bari sai an sauko, cikin da ya cika ba ya hawa. Ledojin da aka sha a mayar da su jaka, dabbobin mutane suna haɗiye su su mutu. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ko kududdufi ba na sha ba ne, kuma kada a shiga wanka a ruwan da ba ya gudu ko magudanan noman rani, saboda tsargiya.

Kaya masu nauyi a ɗaure su a kariyar keke, jakar baya ta zama mara nauyi. Takalmi kambas mai ƙasan roba da safa. Silifa da takalmi mai ƙasan fata ba su da wuri a kan dutse. Dogon wando, a cusa ƙafar dama cikin safa saboda kaca. Riga mai dogon hannu amma ba mai yalwa ba. Mata su sa gajeren hijabi ko su tattare shi, don dogo yana shiga wili. Hular kwano a kan keke, malafa a ƙafa.

Lissafin lokaci

A burji da turba, ka ɗauka keke zai yi kilomita 10 a awa, komai saurinka a kwalta. Na ƙafa kuwa akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kafa a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ƙasarmu a ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda zafi. Misali, tafiyar keke kilomita 24 zuwa da dawowa ta ci kusan awa biyu da rabi. Tafiyar ƙafa kilomita 3 da hawan mita 150 ta ci minti 50, da ƙarin zafi ta zama awa ɗaya da minti goma. Gaisuwa da hutu awa ɗaya, faci rabin awa. Jimilla awa biyar, ruwa kuma leda shida zuwa takwas ga mutum ɗaya. Wanda ya tashi shida da rabi zai dawo kafin sha biyu. A tsayar da lokacin juyawa tun a gida, in ya yi a juya ko an kai sama ko ba a kai ba, haka kuma in rabin ruwa ya ƙare.

A kan hanya: yashi, hawa, gangara

Kafin dutse akwai yashi, musamman a Jigawa da duk inda hanya ta tsallaka busasshen rafi. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya a kan sirdi don gaba ya yi sauƙi, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, ka bar kan keken ya ɗan yi wasa a hannunka. Juya kai da ƙarfi ko taɓa birkin gaba a yashi faɗuwa ce. In ya fi tsawon taku ashirin kuma yana da zurfi, ka sauka ka tura, ƙarfin da za ka ƙona a ciki ya fi na turin.

A hawa, sauya giya kafin tudun ya kama ka, kana sassauta ƙafa a daidai lokacin sauyawar. Sauya giya ana tsaka da danna feda da ƙarfi shi ne yake tsinka kaca. Ka zauna a kan sirdi in ƙasa tsakuwa ce, don da ka miƙe tayar baya za ta rasa nauyi ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ka ɗan sunkuyo gaba kada tayar gaba ta ɗaga. Ma'aunin sauri shi ne numfashi: in ba ka iya yi wa na kusa da kai magana, ka yi sauri da yawa. Tudun da yake tashi mita 10 a cikin mita 100 ya isa ya sauke mai baƙin keke, kuma turi ba abin kunya ba ne. In za ka tura, ka tsaya ta gefen da ba kaca, yatsunka a kan birki don keken kada ya komo kanka in ka tsaya hutawa.

Gangara ce take kai mutane asibiti. Ka tsaya a samanta ka dube ta tukuna, in akwai kwana da ba ka ganin bayanta ka taka da ƙafa ka gani. Ka sauke sirdi kamar faɗin yatsu uku in yana saukuwa. Feda biyu su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗaga daga sirdi ka ja ƙugu baya, gwiwa da gwiwar hannu a sake. Idonka a kan inda kake son bi. Wanda ya zuba wa dutse ido shi yake daka. Birki biyu tare, a hankali. Na gaba ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, amma cafke shi farat ɗaya yana kifar da mutum, na baya kuma in ya kulle taya sai ta ja gefe. A rage gudu kafin kwana, a saki na gaba a cikinta. A doguwar gangara kada a riƙe birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfen wili yana zafi, roba ta yi santsi, faci ma yakan ɗago. A riƙa kamawa ana saki, a tsaya a huta in ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Birkin sanda na baƙin keke ba shi da ƙarfi ko a bushe, in ya jiƙe kuwa kusan babu shi. Mai irin wannan keke ya sauko da ƙafa a duk gangarar da ya yi shakka. A bar tazarar keke goma tsakanin mutum da mutum, a kuma tuna a mashigi ana haɗuwa da jakai ɗauke da itace, da shanu, da yara. Dabba a tsaya mata ta wuce.

Daga gindin dutse zuwa sama

A bar kekuna a gidan da ya fi kusa ko wurin mai gona, da sanin ɗan rakiya. Kowa ya samu sanda mai tsawon ƙirjinsa. Ɗan gari a gaba, wanda ya fi rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Gajerun taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, jiki a miƙe. Mai tsoro yakan kwanta a jikin dutse, wannan kuwa shi yake rage wa takalmi kamu ya sa shi zamewa. Inda ya yi tsaye a riƙa hawa a karkace, dama da hagu. Inda sai an sa hannu, gaɓa ɗaya ce take motsi, ukun suna riƙe.

Irin dutsen Dutse da Rano yana ɓarewa ne falle-falle saboda zafi da sanyi. Ka ƙwanƙwasa da sanda: in ya yi ƙarar abu mai rami, ɓawo ne, kada ka ɗora masa nauyi. Baƙaƙen layukan da suka gangaro a jikin dutse hanyar ruwa ce, da ɗan danshi gansakuka take mayar da su santsi. Ciyawar da ta tsiro a tsaga ba abin riƙo ba ce, saiwarta ba ta da zurfi. Wanda ya ture dutse ya ɗaga murya nan take, na ƙasa kuma kada su tsaya a saitin na sama.

Abin da sababbi ba sa yi shi ne waiwaye. Hanya tana canza kama in an juyo, kuma daga sama duk gangaren iri ɗaya ne, alhali wani yana ƙarewa ne a gaɓa mai tsayin bene. A kowace kwana ka juya ka dubi inda ka fito, ka ɗauki hoto, ko ka ɗora 'yan duwatsu uku a matsayin alama, ka rushe su in ka dawo. Kafin ka haye kowane wuri mai wuya ka tambayi kanka ko za ka iya sauka ta nan, don sauka ta fi hawa wuya: ƙafa ta gaji, ido kuma ba ya ganin matakin. A sauko ta inda aka hau. Inda ya yi tsaye a juya a fuskanci dutse, ko a zauna a sauko a hankali. Ba gudu, ba tsalle daga dutse zuwa dutse. Wuta kuma ko ta sigari kada a kunna, busasshiyar ciyawa da iskar hunturu suna kai ta har inda manoma suka tara kara da harawa.

In abu ya lalace

Taya ta sace: ka cire tiyub, ka hura, ka nemo hujin da kunne ko da ɗan ruwa. Kafin komai ka shafa cikin tayar da tsumma a hankali ka nemo ƙayar ka zare ta, in ba haka ba sabon tiyub ma zai huje kafin ka yi taku hamsin. Ka goge wurin da sanfefa ya fi facin faɗi, ka shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti biyar har ta daina sheƙi. Gaggawar liƙawa a kan ɗanyar sholisho ita ce dalilin da faci yake tashi. Ka danna da ƙarfi minti ɗaya, ka ɗan sa iska kafin ka mayar da tiyub don kada ya naɗe. In tayar ce ta yage, ninka ledar fiya wata ko guntun tsohuwar taya ka toshe daga ciki, ka rage iska, zai kai ka gari.

Maciji yana son tsagar dutse da ƙarƙashinsa, haka kunama. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba, kada a ɗaga dutse da hannu, a riƙa buga sanda a ciyawa. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yakan ga kamar ya samu sauƙi sannan jini ya ɓalle daga baya. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take a hanya. In an yi sara, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a babur ko mota zuwa babban asibitin da yake da allurar dafin maciji. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tam da igiya, kuma kada a tsaya gwada maganin gida lokaci yana tafiya. Kumurci in ya tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take sannan a tafi asibiti. Zuma in ta taso, a rufe fuska da riga a bar wurin ta hanyar da aka sani, ba ta bakin gaɓa ba.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka alamun rana ta fara cin mutum ne. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya rikice, wannan na asibiti ne da gaggawa, a ci gaba da jiƙa shi a hanya, kuma ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa.

Wanda ya je da damina ya sa ido a gabas, ta nan hadari ya fi tasowa. In ka ga walƙiya ka ƙirga: duk daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga kan dutse nan da nan, a nisanci bishiyar da take tsaye ita kaɗai da bakin kogo da kekunan kansu. Kada a fake a kwazazzabo, ruwan da aka yi a wani wuri yana iya cika shi ko ɗigo bai sauka a kanka ba, kuma rafin da ya kai gwiwa yana gudu ba a tsallaka shi da keke.

In an sauko, a koma wurin dagaci a yi masa sallama, don ya san kun fito kada a tashi mutane nemanku da dare. Kafin a hau hanyar gida a juya kowace taya a hankali a zare ƙayoyin da suka maƙale ba su kai ga tiyub ba tukuna, a taɓa notin wili da na sirdi, a matsa birki biyu a gani, don gargada tana kwance abin da aka ɗaure da safe.